Kan Ragon Ungozoma

A can wani gari an yi wata tsohuwar ungozoma. Ita ta karɓi haihuwar matar wani mai shago, ta yi kwana bakwai tana dafa mata ruwan wanka.

A garin, kan ragon suna rabon ungozoma ne. Ranar suna aka yanka rago, 'yan'uwa da abokai suka cika gida. Tsohuwa ta zo da ƙwaryarta.

Mai shago ya ce, "Iya, ɗan jira."

Ta jira har azahar. Ya sake cewa, "Iya, ɗan jira."

Da la'asar sai ta ga an naɗe kan ragon an miƙa wa wani baƙo mai babbar riga. Ranta ya ɓaci. Ta kife ƙwaryar a gaban jama'a, ta ce, "Kwana bakwai hayaƙi na cin idona! Shi wannan, ice nawa ya hura?" Ta fice.

Bayan shekara biyu, ga mai shago a ƙofarta yana haki. "Iya, taimaka, naƙuda ta tashi!"

Tsohuwa ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Ina mai babbar riga? Je ka kira shi ya karɓi haihuwar."

Ya durƙusa a gabanta.

Ta ja mayafinta ta wuce shi. "Don yarinyar zan je, ba don kai ba."

Da suka isa, ya bi ta zai tambayi abin da ake bukata. Ta tare ƙofa, ta ce, "Ɗan jira."