Hoton Marigayi a Kan Fosta

"Cire shi!"

Abin da Maijidda ta tari Zakiyyu da shi ke nan, ko sallamarsa ba ta amsa ba. Tana tsaye a ƙofar shagon ɗinkinta da ke kasuwar Kuje, almakashi a hannu.

Ya juya ya ga fostar. Yaran kamfen ne suka manna ta a jikin ƙyauren. Hoton yayansa Abdulbaƙi ya cinye takardar gaba ɗaya, yana murmushin nan nasa na gefen baki. Shi kuwa Zakiyyu, wanda yake takarar kansilan, an matse shi can ƙasa kamar hoton fasfo.

"Jidda, wallahi ba ni na sa ba. Ciyaman ne..."

"Kullum ciyaman! Daga gida zuwa nan sau goma sha tara na gan shi. A jikin falwaya, a bayan keke napep, har a katangar masallaci. Shekara huɗu ina roƙon Allah ya daina nuna min shi a mafarki, yanzu kun fito min da shi titi!"

Abdulbaƙi mijinta ne, watansu takwas da aure. Shekara huɗu da suka wuce yana takarar kansila, saura mako biyu zaɓe, yana dawowa daga kamfen, tirela ta bi ta kan motarsu. Zakiyyu ne ya wanke shi. Shi ne kuma ya yi ta zirga-zirga daga masana'antar da yake walda a Idu, yana duba ta, har dubawar ta koma wani abu daban. An sa ranar aurensu wata ɗaya bayan zaɓen bana.

"Zan sa a cire, masoyiyata. Ki ba ni kwana biyu."

Da ya kai maganar wurin Ɗangoggo, ciyaman jam'iyyarsu, dariya ya yi masa.

"Oga kansila, wa ya san ka? Tsakani da Allah, wa ya san ka a mazaɓar nan? Mutane bashin kuka suke ji, ƙuri'ar da ba su samu sun ba shi ba ita za su ba ka. In ka cire hoton, sai ka koma waldarka."

Bai damu da ciyaman ba. Gida ne ya karya shi. Ya tarar da mahaifiyarsu, Inna Azumi, ta kafa fostar a bangon ɗakinta, tana zaune a gabanta da kwanon tuwo, tana ci. Matar da sai an yi da gaske take kai loma uku.

"Ka ga yayanka ya dawo gari," ta ce, ba ta ko kalle shi ba. "Jiya da na je awo, ko'ina na waiga yana kallona. Allah ya yi maka albarka, Zakiyyu."

Ya juya ya fita, ya bar mata fostarta.

Kwana biyu suka zama goma. Ya kira Maijidda ya rantse mata cewa ranar babban taro zai faɗa wa kowa shi Zakiyyu ne, ba wani ba, a zaɓe shi ko a bar shi. Ta ce za ta zo ta ji da kunnenta.

Ranar, da la'asar, Inna ta buɗe akwati ta ciro babbar riga ruwan toka.

"Ita yayanka ya ɗinka don ranar rantsarwa. Bai sa ba ko sau ɗaya. Sa min na gani."

Ya sa. Kamar a jikinsa aka gwada.

Yana hawa dandamali filin ya yi tsit. Wata tsohuwa ta yi salati da ƙarfi. Sai kuma wuri ya ɓarke: "Baƙi! Baƙi! Sai Baƙi!"

Ya karɓi lasifika. Duk kalmomin da ya shirya suka gudu. Abin da ya fito daga bakinsa maganar da yayansa ke buɗe taro da ita ce, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya fara: "Jama'ata, kun ci abinci kuwa?"

Maza suka yi ta kuka kamar yara. Can gefen rumfar mata ya hango Maijidda, ta dafe ƙirji, idonta a rufe.

Washegari da safe ya je shagon da rigar aikinsa. Tana zaune a gaban keken ɗinki, ba ta taka shi.

"Na karya alkawari. Ki zage ni, Jidda. Gobe da hannuna zan bi gari ina yagewa, ko da zan faɗi zaɓen!"

"Kar ka yage. Ka bar wa Inna."

"To kin haƙura?"

Ta ɗago. Ba fushi a fuskarta, kuma wannan ya fi ba shi tsoro.

"Jiya da ka yi magana na rufe ido. Ka san me na ji? Daɗi, Zakiyyu. Daɗin da rabona da shi shekara huɗu. Har addu'a na yi kar ka yi shiru... kar ka koma kai."

"Jidda..."

"Ashe ba hoton nake tsoro ba. Tsoro nake ya tona ni, ga shi ya tona. Idan na shiga gidanka, duk sallamar da za ka yi shi zan riƙa amsawa. Ba ka cancanci haka ba."

"Na yarda! Ko a haka ne na yarda, ki zauna da ni!"

"Ni ban yarda ba. Yau Baffana zai mayar muku da kayan sa rana."

Ya matso kusa da keken ɗinkin.

"Tambaya ɗaya. Duk zuwan da na yi ta yi daga Idu, cikin ruwa, cikin rana... akwai ranar da kika leƙo kika ga ni ne, kika yi murna don ni ne?"

Hawaye suka zubo mata. Ta motsa baki, ta sake motsawa. Ya tsaya yana jira, ya daɗe yana jira.

Ba ta iya yi masa ƙarya ba.