Wa Kika Gaya wa Hanya?

"Ni? Ni kinka yi hira da ni jiya? Saudat, wayata fa wata biyu ke nan da sace ta a kasuwa!"

Tsintsiya ta suɓuce daga hannun Saudat. Ta tsaya tana kallon Zuhura, ƙawarta tun firamare, wadda ta leƙo gidansu na Shinkafi da safen nan don karɓar ɗinki wurin Inna.

"Zuhura, bar wasa... hotonki ne, sunanki ne!"

"Wallahi ba ni ba ce. Mi kinka gaya masu?"

Me ta gaya masu? Kai, a tambayi abin da ta rage! Saudat dai irin yaran nan ce da ko tuwo ba ya wuce masu wuya sai sun ɗauke shi hoto. Da Ilham, ƙanwar saurayinta Nuruddeen, ta turo mata hotunan akwatunan lefenta a ɓoye, ko minti biyar ba su yi ba ta watsa su a shafinta. Sai ga saƙo da sunan Zuhura, ana ta guɗa ana taya ta murna. Yaushe za a kawo? Wace mota? Su wa za su taho?

Ita kuwa baki har kunne ta zayyana komai. Yau Laraba, ƙarfe tara za su baro Ƙaura Namoda, ta Badarawa za su biyo. Gwaggonnin Nuruddeen uku da Ilham, shi da kansa zai tuƙo su a farar motarsa. Har hoton motar ta tura, lamba tar a jiki. A hanyar da kowa ya san 'yan bindiga na tarewa!

Ta dubi agogon wayar. Tara saura kwata.

Ta kira Nuruddeen, a kashe. Ta kira Ilham, tana ta ƙara babu mai ɗauka. Ta sake kira, ta kuma sakewa.

"Inna! Inna, na kashe su!"

Inna ta fito daga madafa da ludayi a hannu. Da ta gama jin bayani ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan tsoratar da Saudat.

"Kira Hajiya," in ji ta.

"Inna... uwar Nuruddeen? Surukata?"

"Kina da wata lamba ta gidan?"

Babu. Amma yaya za a yi? Matar da ko gaishe ta za ta yi sai ta durƙusa ta ja mayafi ta rufe fuska, yau ita za ta buga wa waya tun ba a ɗaura aure ba? Ga shi Hajiya da bakinta ta yi gargaɗi tun ranar sa rana, ta ce ba ta yarda a ga tsinken kayan ɗanta a waya ba.

Zuhura ta matso ta rage murya. "Ki ce Baba ne ya yi tafiyar gaggawa, a ɗaga zuwa gobe. Ba sai ta ji sauran ba. In ta ji, auren ga ya mutu."

Zuciyar Saudat ta so shawarar nan, ta so ta ƙwarai. Tana son Nuruddeen, tana kuma tsoron rasa shi. To amma gobe fa? Motar nan ce dai, hanyar nan ce dai, masu jira kuma ba gajiya za su yi ba.

Ta danna kiran.

"Salamu alaikum, wa ke magana?"

"Hajiya, ina kwana... Saudat ce. Ta Shinkafi."

"Saudat? Lafiya?"

"Ba lafiya ba, Hajiya. Don Allah kar su taho! Na saɓa maganarki, na sa kayan a waya, wani ya yaudare ni da sunan ƙawata na gaya mashi lokaci da hanya da mota. Laifina ne ni kaɗai..."

Sai ta jiyo muryar Hajiya ta yi nisa tana ƙwala kira: "Nuruddeen! Kashe motar nan! Na ce kashe ta!"

Wayar ta katse.

Ranar nan Saudat ba ta zauna ba. Ta shiga ɗaki ta fito, ta goge hotunan, ta rufe shafin, ta leƙa zaure ta dawo. Matan da aka gayyato tarbar lefe suka cika tsakar gida, waina ta huce a kwano, ana ta ƙus-ƙus. Nuruddeen bai kira ba. Ita ma kunya ta hana ta sake nemansa.

Bayan azahar mahaifinta, Malam Dalhatu, ya dawo daga tasha fuskarsa ba annuri.

"An tare hanya gaba da Badarawa da hantsi," ya ce. "Wani direba, Jibrin, da ƙyar 'yan bindigar sunka sake shi. Farar mota mai akwatuna suke ta tambaya."

Saudat ta zauna nan bakin randa ta ɗora hannu a ka.

Sai la'asar wayar ta yi ƙara. Nuruddeen!

"Ka ce ka fasa auren," ta riga shi, tana kuka. "Wallahi ba ni ganin laifinka."

"Haba, abar ƙaunata... na yi fushi, ba ƙarya. Tun safe nake fushi. Amma yi shiru, ga Hajiya."

Saudat ta durƙusa da wayar a kunne, kamar matar na gabanta.

"Ɗiyata, kin yi wauta, ba ni ɓoye maki," Hajiya ta ce. "Amma da kin tsaya jin kunyata, ko kin yi mani ƙarya, da yanzu wata magana ake a gidan ga. Ga shi nan zaune gabana, tun ɗazu na kasa ɗauke ido daga kanshi."

"Hajiya, ki yafe mani..."

"Na yafe. Lefe kuma yana nan tafe. Sai dai ranar, ko ke ba mai gaya maki, sai dai ki gan shi tsakar gida."

Dariya da kuka suka ƙwace wa Saudat lokaci guda.

"Na yarda, Hajiya. Don Allah ko na tambaya kar a gaya mani!"