Na'urar da Ba Ta Iya Sallama Ba

Na'urar agaji ta durƙusa kusa da Malam Isiyaku, ta miƙa siririn hannunta ta ɗora a ƙirjinsa, daidai inda likitoci suka dasa masa famfon zuciya shekarun baya. Fitilar goshinta ta yi kore, sai ta koma ja. Ta sake gwadawa, ta sake yin ja. Tsohon na kwance a tabarma, gumi ya jiƙa masa riga, numfashinsa na fita da ƙyar.

"Barira, abin nan naku fa ya zuba wa Baba ido kawai!" in ji babban ɗansa Ɗanjuma a waya. "Kallo kuka aiko shi ya yi?"

Ƙanwarsa Barira injiniya ce a Cibiyar Tsari ta birnin Sabuwar Rima. Tana tsaye gaban babban allo, tana ganin ɗakin mahaifinta ta idon na'urar. Bugun famfon ya rikice. Gyaran ba wani babba ba ne, umarni ɗaya zai daidaita shi. Amma famfon ya ƙi karɓar umarnin.

"Yaya, ɗaga masa kai. Kar ka bari ya yi barci."

Da safiyar ranar aka sauya injinan birnin kaf zuwa sabon tsarin aiki mai suna Walƙiya. An sha surutu a kansa. Matasa na cewa wanda bai koma Walƙiya ba ya zauna a zamanin jaki, masu sharhi a rediyo na ta jinjina saurinsa, kamar wani ya taɓa kai ƙarar cewa tsofaffin injinan suna da nawa. Tsohon tsarin, Zaure, mutanen da suka san kan gida ne suka gina shi. A cikinsa na'ura ba ta taɓa wata na'ura sai ta yi sallama, ta faɗi wanda ya aiko ta, ta jira mai gida ya ba da izini. Masu Walƙiya suka auna wannan jiran suka ce ɓata lokaci ne, suka cire. Manhajar tafinta da za ta haɗa tsoho da sabo kuwa, wai sai fitowa ta gaba.

Famfon Malam Isiyaku da Zaure yake aiki.

Darakta Sambo, shugaban cibiyar, ya ƙaraso bayanta. "Injiniya, ki goge Zauren ki ɗora masa Walƙiya. Abu mai sauƙi."

"Ranka ya daɗe, yayin ɗorawar famfon zai tsaya."

"Na ɗan lokaci."

"Zuciyar mahaifina ce."

Darakta ya gyara hularsa.

Barira ta jawo kujera ta shiga rubuta sallamar da hannu, layi bayan layi, cikin yaren injin da ta rabu da shi tun tana jami'a. Ta yi kuskure, ta goge, ta sake. A waya tana jin Ɗanjuma na kiran "Baba! Baba, dube ni!"

Ta tura. A karon farko famfon ya amsa. Rubutu ya fito a allo: Wa ya aiko ki?

Na'urar agajin ba ta da amsa. A Walƙiya babu mai aiken kowa. Tsarin ne ke gani, shi ke yanke shawara, shi ke turawa, kuma ba a tanadi gurbin sunan mutum ba. Barira ta rubuta sunan cibiyar. Famfon ya ƙi, suna yake so na ɗan adam.

"In kika sa sunanki," in ji Darakta a hankali, "duk abin da ya faru a wuyanki yake. Cibiya ba za ta ɗauka ba."

Ba ta ko waiwaye shi ba. Ta rubuta: Barira Isiyaku.

Famfon ya karɓa, ya koma jiran izinin mai gida.

"Yaya, sa masa wayar a kunne. Baba, ni ce Barira. Na'urar nan ni na aiko ta. Ka ce ta shigo."

Layin bugun zuciyar a allo ya yi ƙasa, ya daɗe bai ɗago ba. Sannan leɓɓan tsohon suka motsa.

"Ta yi... sallama?"

"Ta yi, Baba. Wallahi ta yi."

"To... bismillah."

Fitilar ta yi kore ta tsaya a kore. Layin ya ɗago, ya yi tuntuɓe, ya kama tafiya daidai. Ɗanjuma ya zube a ƙasa yana hamdala yana share fuska da bakin riga. "Ke da injinanki," ya ce, "sai kun kashe mu da tsoro tukuna."

Barira ba ta samu ta yi dariya ba. Ta rage hoton ɗakin, taswirar birnin ta bayyana. Tsofaffin unguwanni sun yi jajir da fitilu, daga bakin kogi har bayan kasuwa. Kowace fitila na'urar agaji ce durƙushe gaban wani tsoho ko wata tsohuwa mai tsohon famfo a ƙirji, wanda sauyin tsarin ya rikita. Ta tura musu sallamar gaba ɗaya. Nan take allon ya cika da tambaya guda, ta maimaitu daga sama har ƙasa: Wa ya aiko ki? A Zaure kuwa mutum ɗaya ba ya aiken na'ura biyu a lokaci guda.

Ta juya ta dubi ɗakin cibiyar. Injiniyoyi ne cike, waɗanda da safe suka yi ta tafi da aka kunna Walƙiya.

"Ana neman sunaye," ta ce. "Wa zai ba da nasa?"

Darakta Sambo ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Fitila ɗaya a bakin kogi ta mutu.