Ruwan Zafi a Gindin Raga

Har yau in na ɗora tukunya sai gabana ya faɗi, don ni na ba ɗana Surajo shawarar nan. Ƙungiyarsu ta Kura za ta je wasan ƙwallo Bunkure, ya ce wai mutanen can sun binne laya a gindin ragarsu. Na ce, "Ɗan nan, ai ruwan zafi ke karya ta." Da hannuna na cika masa fulas, ban ko tuna masa ya yi bisimilla ba.

Ya faki idon masu filin ya kwarara. Su Surajo suka yi nasara da ci ɗaya mai ban haushi.

Da magariba yana dawowa a babur ta bakin kanal ɗin ban ruwa, sai kwaɗi suka yi tsit. Wata mata mai goyo ta tsayar da shi, ya ɗauke ta. Babur bai ji nauyinta ba ko kaɗan. Jaririn kuwa sai nishi yake, zanin goyon na tururi.

"Baiwar Allah, me ya sami yaron?"

"Barci yake yi a gindin raga," in ji ta, murya kamar daga cikin rijiya. "Kai ban ga laifinka ba, Surajo. Kai ni wurin wadda ta dafa ruwan."