Shuɗin Littafi a Layin Gaba

Ranar Laraba ce, dab da magariba, na fito daga ɗakin kwananmu zan je in kama mana wuri. Haka muke yi, mu 'yan ajin farko a jami'a. Mun kusa ɗari tara, ɗakin laccar kuwa ko ɗari uku da ƙyar yake ɗauka. Sai ka je tun da yamma ka ajiye littafinka a kan kujera, gobe da safe wurin naka ne. Doka ɗaya ce, kuma kowa ya san ta: ba a ɗaga littafin wani.

Ni idona ba shi da ƙarfi. Daga kujerun baya allon nan fari fat nake ganinsa. Na faɗi gwaji biyu, na uku saura kwana shida, in na sake faɗuwa canza mini kwas za a yi. Babana kuwa ya gama gaya wa duk wanda ya shiga shagonsa na ɗinki a Gada Biyu cewa Sekinat ɗinsa likita za ta zama. Wallahi ko barci ba na iyawa saboda wannan magana.

Nkiruka, wadda muke ɗaki ɗaya, tana kwance da zazzaɓi. Ita ce ke raɗa mini abin da ke allo idan muka makara muka zauna a baya. Ta miƙo mini littafinta daga cikin bargo.

"Sekinat, don Allah ki kama mini kusa da ke."

Na ce an gama.

Ina shiga na ga an riga ni. Layi biyar na gaba duk littattafai ne, har da mai ajiye takalmi ƙafa ɗaya, ɗan rainin hankali. Babu kowa a ɗakin. Na bi layin farko ina ƙwafa, har na kai ƙarshe, jikin taga.

A nan shuɗin littafin yake.

Tun makon farko wani ɗan aji uku, Natana'el, ya nuna mana shi. Ya ce mai littafin ta bi 'yan ajinsu yawon shan iska a kududdufin tsohon ramin haƙar kuza da ke Rayfield, ta shiga ruwa ba ta fito ba. Ya ce abin da ke zuwa ya zauna a kujerar yanzu ba ita ba ce, kamarta kawai ya ɗauka. Muka yi ta dariya, don mun san aikin manya ke nan, tsorata sababbi. Amma dai babu wanda ya taɓa zama a wurin.

Na ce a raina, kujera a layin farko, a bar wa tsohon littafi? Ni da nake shirin faɗuwa? Na sa hannu na ɗaga.

Ya yi nauyi. Sanyi ƙarara, kuma jiƙe yake sharkaf. Na jefar da shi ƙasa, na goge hannuna a hijabi, na ɗora nawa. Na Nkiruka yana hammatata.

Aka fara kiran salla can nesa. Ƙofar baya ta yi ƙara, ta rufe.

Ɗis. Ɗis.

Warin laka ya cika ɗakin, irin na ruwan da ya daɗe bai motsa ba. Sai taku, a hankali, na ƙafa jiƙaƙƙiya a kan siminti. Daga layin ƙarshe yake saukowa.

Na juya. Tsayuwar mace na gani, doguwa. Fuskar ba ta fito mini ba, kuma ban taɓa gode wa Allah da raunin idona ba sai ranar.

Na kama Ayatul Kursiyyu. Ta maƙale mini a tsakiya.

"Wa ya ɗaga?"

Raɗa ce, amma a cikin kunnena na ji ta.

"Ba ni ba ce."

"Littafin wa ke wurina?"

Saura layi huɗu ta iso. Sunana yana rubuce a bangon littafina, da manyan baƙaƙe.

Saura uku.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ba ruɗewa na yi ba. Na san abin da nake yi. Na janye nawa, na zaro na Nkiruka daga hammata, na ajiye.

Ta tsaya a gefena. Ruwa yana ɗiga a kan takalmina. Ta sunkuya, ta bi rubutun da yatsa, tawadar tana narkewa.

"Nkiruka. Ke ce?"

"A'a. Aiko ni ta yi."

Ta miƙe tsaye.

"To, je ki."

Ban san yadda na buɗe ƙofar ba. Na faɗi sau biyu a matakala, gwiwata ta fashe, ban tsaya ba sai a gaban mai gasa masara a bakin titi. Da na koma ɗaki Nkiruka ta tambaye ni ko na samu. Na ce na samu, layin farko ma. Ta ce, "Allah ya yi miki albarka."

Da asuba babu ita a gado. Katifar ta jiƙe har ƙasa.

A ɗakin lacca na same ta, jikin taga, zazzaɓi ya tafi. Tun ranar ba ta ci abinci a gabana ba. Mahaifiyarta ta zo daga Bukuru ta riƙe ta tana kuka, Nkiruka ta dube ta kamar baƙuwa. Ni na raka matar bakin titi, har ina ba ta haƙuri.

Na koma zama a baya, babu mai raɗa mini komai. Gobe ne gwajin, kuma a allo malamin yake rubuta tambayoyi.

Yau da safe kujerar da ke kusa da Nkiruka babu kowa, duk da cunkoson nan. Na matsa in ga dalili. Sabon littafi ne a kai, jiƙe, da sunana a kai da rubutun hannun Nkiruka.

Ta ɗago kai. Karo na farko ke nan da ta yi mini magana tun daren nan.

"Sekinat, zo mana. Na kama miki kusa da ni."