Takardar Injin Ƙyanƙyasa

"Ko aikin kamfanina, ko ƙanina. Zaɓi ɗaya!"

Auta ta dubi Yaya Babba, wan saurayinta Dogo. Ita ke rubuta wa kamfaninsa littafin bayanin yadda ake amfani da injinansu, kuma ba ta da wani mai ba ta aiki sai shi. Ƙanwar matarsa, wadda ta daɗe da ƙyalla ido a kan Dogo, ita ta kitsa masa cewa don kwangila Auta ta maƙale wa ƙaninsa.

Ta ajiye katin shiga kamfanin a kan teburinsa.

"Yaya, riƙe aikinka..."

A mota ta yi kuka mai isarta. Dogo ya rasa inda zai sa kansa.

"Haba Tauraruwata! Bari in kira abokaina, su nemo miki wani wurin."

"A'a! Sai a ce nan ma da sunan gidanku na ci."

Ta aika saƙonnin neman aiki har ta gaji, shiru kamar an shuka dusa. Sai ta koma bin shaguna tana buɗe kwalaye, tana neman littafin bayanin da ya fi kowanne rikitarwa. Ta same shi a kwalin wani injin ƙyanƙyasar ƙwai. Ta zauna ta sake rubuta shafin farko.

"Yanzu ina son taimakonka," ta ce wa Dogo.

"Ni? Ko ƙwan fitila ban iya sauyawa ba!"

"Shi ya sa, Nawan."

Mai masana'antar da ke ƙera injin, dattijo mai gajen haƙuri, ko kujera bai ba su ba da suka je masa da maganar littafin.

"Littafinmu lafiyarsa ƙalau, 'yata."

"To Baba, ba wa wannan bawan Allah ya kunna injin da shi."

Dogo ya karanta, ya latsa nan, ya murɗa can. Injin ya ɗauki ƙara, jar fitila na walƙiya, gumi ya jiƙa masa riga. Ma'aikata suka taru suna ƙunshe dariya. Tausayinsa ya kama Auta, sonsa ya ƙaru a ranta: ɗan masu kamfani ne ya yarda ya zama abin dariya saboda ita.

Ta miƙa masa shafinta. Ya bi shi layi-layi, ƙarar ta mutu, koriyar fitila ta kama.

Dattijon ya jawo mata kujera da kansa.

"Duk injinanmu za ki rubuta wa. Wannan jarumin fa, mijinki ne?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Yayansa bai yarda ba tukuna, Baba."

Dogo ya share gumi.

"Yaya ya ce ki zaɓa, kin zaɓa. Yau da yamma zan je in faɗa masa nawa zaɓin."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Yaya Babba ya zo a makare, fuska a murtuke, amma shi ya karɓa wa ƙaninsa auren.