Ranar da Kwamfutar Baba Ta Ƙi Tashi

A wani gari, shekarun baya, maigidana ya rasu ya bar mana tsohuwar kwamfuta. A cikinta akwai muryarsa yana wasa da 'yarmu Dije.

Wata safiya muka kunna ta, ta yi ƙyit-ƙyit, ta yi shiru.

Ƙanena Ɗanjuma ya ce, "Yaya, maka mata duka. Haka nake yi wa rediyona."

Dije ta ce, "A'a, Kawu. Babana na ciki."

Maƙwabciyata Asabe ta ce, "Ku shanya ta a rana kamar batir."

Dije ta ce, "A'a, Inna. Babana na ciki."

Mai gyara ya duba, ya ce ƙwaƙwalwarta ce ta mutu. Ya kawo wata sabuwar ƙwaƙwalwa mai siraran haƙora zai saka, ta ƙi zama. Ya tattara ƙarfi zai danna, Dije ta riƙe hannunsa.

"Malam, a juya ta a hankali mana."

Ya juya ta, ta zauna ba gardama.

Muka kunna. Sai ga muryar marigayi: "Wa ya cinye min ƙosai?"

Dije ta share hawaye tana dariya. "Ni ce, Baba."